Awara da koren shayi ga mai ciwon suga wadda aka yi wa aikin kansar nono

"Assalamu alaikum Malama. Dan Allah shawara nake nema akan mahaifiyata. Shekararta 58, tana da ciwon suga kusan shekara tara, bara kuma aka gano mata kansar nono aka yi mata aiki, ta gama kemo, yanzu tana kan wata ƙwaya da aka ce za ta sha shekara biyar. To Hajiya tana matuƙar son awara, kusan kullum da yamma sai an siyo mata, sai wata ƙawarta ta ce ai waken suya shi ke kawo kansa saboda akwai sinadarin mata a cikinsa, wai har ƙarfin maza yana kashewa, yanzu an hana awara a gidan gaba ɗaya har yayana ya daina ci. Sannan wata ta kawo mana koren shayi da kafsul ɗinsa ta ce yana kashe kansa yana narkar da suga, wai idan Hajiya ta dage da shi ma ba sai ta ci gaba da maganin asibiti ba. Wallahi mun rikice, wanne ne gaskiya?"

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya ya sa kaffara ne. Idan na fahimce ki abu biyu aka haɗa muku a lokaci ɗaya, an ɗauki abincin da take so an mayar da shi guba, an kuma ɗauko wani ganye an mayar da shi magani, kuma duka biyun an wuce gona da iri. Bari in fara da abin da ya fi gaggawa kafin in shiga dogon bayani: dan girman Allah kar Hajiya ta ajiye ƙwayar nan ko na kwana ɗaya saboda shayi. Ƙwayar da ake sha shekara biyar bayan aiki galibi tamoxifen ce, ko kuma anastrozole ko letrozole ga wadda ta daina al'ada, kuma ba ta haka kawai ake bayarwa ba, sai an gwada ƙarin da aka cire an ga irin wanda sinadarin istirojin, wato homon ɗin mata, ke ciyarwa ne. An tattara gwaje gwajen da aka yi akan dubban mata aka ga shan tamoxifen shekara biyar yana rage mutuwa daga wannan nau'in kansar da kusan kashi ɗaya cikin uku. Babu wani ganye a duniya da aka nuna ya yi ko kusa da haka.

Ni aikina tsara abincin marasa lafiya ne, masu suga da masu hawan jini su ne suka fi cika min benci, masu kansa kuma ana turo min su bayan kemo idan cin abinci ya gagara. Ba ni ce likitar Hajiya ba, ban ga takardunta ba, don haka abin da zan faɗa ki ɗauke shi ki je da shi wajen likitan da ke dubata.

Daga ina tsoron waken suya ya samo asali

Ƙawar Hajiya ba ƙirƙirar maganar ta yi ba, akwai ɗan tushe, sai dai an tsinke labarin a tsakiya. A cikin waken suya akwai wasu sinadarai da ake kira aisofilabon, manyansu biyu su ne jenistin da daidzin, kuma ƙirarsu ta yi kama da istirojin, wato homon ɗin mata. Tunda wasu kansar nono da istirojin suke girma, ai dole mutum ya yi tambaya. A ƙarshen shekarun 1990 wasu masu bincike a jami'ar Illinois ta Amurka suka ɗauki ɓeraye waɗanda ba su da garkuwar jiki sosai, aka cire musu ƙwan haihuwa, aka dasa musu ƙwayoyin kansar nonon mutum, sannan aka riƙa ba su jenistin, sai ƙarin ya ƙara girma. Nan fa hankalin likitoci ya tashi, shekaru da yawa a Turai da Amurka ana ce wa mata masu kansar nono su guji waken suya. Wannan tsohuwar shawarar ce har yanzu take yawo a wayoyinmu.

Abin da ya biyo baya shi ne ba a cika faɗa ba. An gano jikin ɓera ba ya sarrafa sinadarin nan yadda jikin mutum ke yi, a jininsa yana taruwa da ƙarfinsa fiye da yadda yake taruwa a namu nesa ba kusa ba. Sannan kama da juna ba shi ne zama ɗaya ba. Ki ɗauka a jikin ƙwayoyin halitta akwai kwaɗo iri biyu da istirojin ke buɗewa, alfa da beta, na alfa shi ne ya fi tura ƙwayoyin nono su hayayyafa, shi kuma aisofilabon ya fi son shiga na beta, kuma ko ya shiga ƙarfinsa bai kai na istirojin ɗin jiki ba. Makulli ne da ya yi kama amma ba kowace ƙofa yake buɗewa ba.

To sai aka koma kan mutane, inda ya kamata a fara. A birnin Shanghai na ƙasar Sin an bi mata 5,042 da aka tabbatar suna da kansar nono, ana rubuta abin da suke ci, aka fitar da sakamakon a 2009. Waɗanda suka fi cin abincin waken suya, dawowar cutar a cikinsu ta yi ƙasa da kusan kashi 30 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda suka fi ƙarancin ci, mutuwa ma haka. Kuma abin da ya shafi Hajiya kai tsaye, an ga hakan har a masu irin kansar da istirojin ke ciyarwa, da masu shan tamoxifen da waɗanda ba sa sha. Amfanin kuma ya tsaya a wajen giram 11 na furotin ɗin waken a rana, wanda ya wuce nan bai ƙara samun komai ba, wato ba wai a cika tire ba ne. A 2012 aka haɗa wannan da wasu binciken biyu na Amurka, mata 9,514 gaba ɗaya, aka sake ganin raguwar dawowar cutar da kusan kashi 25 cikin 100 a masu ci. Shi ya sa yanzu ƙungiyar kansa ta Amurka ke cewa abincin waken suya ba shi da matsala ga wadda ta yi kansar nono.

Amma kar kuma mu tsallaka ɗaya ɓangaren mu ce awara maganin kansa ce. Irin wannan binciken kallo ake yi, ba a raba mutane gida biyu an ce ku ci ku kar ku ci ba, kuma mai yawan cin tofu, wato awarar can, a Shanghai wataƙila ta fi cin ganye, ta fi motsa jiki, ta fi ƙarancin cin jan nama. Masu binciken suna ƙoƙarin cire waɗannan a lissafi amma ba sa fita duka. Abin da zan iya tsayawa a kai shi ne bai cutar ba, kuma akwai alamar yana ɗan taimakawa. Wani abu kuma, kariyar da ake gani daga kamuwa da cutar tun farko ta fi fitowa a matan da suka taso suna cin waken tun suna yara da 'yan mata, ba wadda ta fara da girma ba. Mu kuwa a nan awara ba ta daɗe ba, Tibi a Binuwai sun jima suna noma waken amma shigarsa tukunyar gida sosai sai wajen shekarun 1980 zuwa 1990 lokacin da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan da masu aikin gona suka riƙa koya wa mata sarrafa shi, sunan ma daga wara aka aro, cukun nonon shanu. Don haka Hajiya mai shekara 58 ba da ita ta taso ba.

Maganar yayanki

Wannan kam ki ce ya koma cin abarsa. An tattara gwaje gwajen da aka yi akan maza a 2010, aka sake tattarawa da ƙari a 2021, ba a ga waken suya ko aisofilabon ya rage testostaron, wato homon ɗin maza, ba, bai kuma ƙara musu istirojin ba. Labarin da ake yawan kafa hujja da shi na wani dattijo ne ɗan shekara 60 a Amurka da nononsa ya kumbura, da aka bincika ashe kusan lita uku ta madarar waken suya yake sha kullum, da ya daina abin ya koma. Lita uku fa. Ko ruwan pure water ne sai ka shanye leda shida. Ni a wajen aiki mazan da ke min ƙorafin rauni yawancinsu suga ne ya ci jijiyoyinsu ko hawan jini ko tumbi, wasu kuma maganin da suke sha ne, ban taɓa zama da wanda na ce awara ce ta ja masa ba. Game da kansar furostet ma, wato wani ƙullutu da ke ƙasan mafitsarar maza, binciken kallo na nuna masu cin waken sun fi ƙarancin kamuwa, sai dai da aka gwada ba wa maza garin furotin ɗinsa bayan an yi musu aiki, a wani gwaji da ya fito a 2013, bai hana cutar dawowa ba.

Suga da kitsen jini, da kuma kaskon mai awara

Ta fuskar ciwon suga waken suya yana cikin abincin da nake so. Kusan kashi 36 zuwa 40 cikin 100 nasa furotin ne, sitacinsa kaɗan ne ƙwarai, don haka awara ba ta harba suga sama yadda burodi ko farar shinkafa ko tuwon semo ke yi, ga shi tana riƙe ciki. Ga wadda ta fito daga kemo ta rame tana buƙatar gina jiki, kuma nama ya yi tsadar da muka sani, samun furotin mai arha irin wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kwalastarol, wato kitsen jini, kuma yana ragewa amma kaɗan. A 1995 an fitar da wani lissafi da ya nuna ragin kusan kashi 13 cikin 100 na mugun kwalastarol, har hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a 1999 a riƙa rubuta a jikin kwali cewa giram 25 na furotin ɗin waken a rana yana taimaka wa zuciya, daga baya da bincike ya yi yawa sai ragin ya sauko zuwa kashi 3 ko 4, har a 2017 hukumar ta kawo shawarar janye wancan izinin. Ni yadda nake kallonsa, babban amfanin yana zuwa ne daga abin da awarar ta ture daga faranti. Idan ta maye gurbin soyayyen nama mai kitse ko tsire da kitsensa an ci riba. Idan kuma an ci tuwo an ƙoshi sannan aka ɗora awarar ɗari biyar a kai, to ƙari aka yi.

Inda nake da magana shi ne yadda muke yin ta. A Sin da Japan galibi a miya ake jefa tofu ko a turara shi ko a ɗan juya shi a mai kaɗan. Mu kuwa ki tsaya wajen mai awara da la'asar ki kalli kaskon, man ya yi baƙi ƙirin har yana kauri, na jiya ne aka ƙara sabo a kai, na jiyan ma akan na shekaranjiya aka ƙara, a tsoma awara ta yi iyo a ciki, wani lokacin a sake tsoma ta a ruwan ƙwai a mayar, a kwashe a barbaɗa yaji mai cike da gishiri da dunƙule. Ina yawan sa masu zuwa wajena su yi wani ɗan gwaji, ki ɗauki guda ɗaya ki matse ta a cikin farar takarda ko tishu ki ga yadda takardar za ta jiƙe har ki hango yatsanki ta baya. Awara kamar soso take. Cokalin cin abinci ɗaya na mai yana ɗauke da kalori kusan 120, kuma man da aka yi ta maimaita ƙonawa yana lalacewa ya fitar da abubuwan da ba su da kyau ga jijiyoyin jini. Mai suga dama zuciya da ƙoda ake tsare masa, ga gishirin yajin yana tura hawan jini. To kin ga a nan wake bai yi laifi ba.

Abin da nake ba da shawara a irin gidanku shi ne a yi ta a gida, ba ta da wuya, a jiƙa wake a markaɗa a tace a tafasa madarar sosai, tafasar tana da muhimmanci domin ɗanyen waken suya yana da abubuwan da ke hana narkewar furotin kuma zafi ne ke kashe su, sannan a zuba ruwan tsami ta taso a tace a danne. Daga nan a yanka a jefa a miyar alayyahu ko ta kuɓewa kamar nama, ko a yi sos ɗin attaruhu da albasa a juya ta a ciki, ko a shafa wa kasko mai kaɗan a gasa ta ta yi ja. Idan Hajiya ta ce ita sai soyayya, to a soya da sabon mai a tsane ta sosai, a haɗa mata da kabeji da kokwamba da tumatir, yanka huɗu ko biyar matsakaita sun isa a zama ɗaya. Madarar waken ma babu laifi kofi ɗaya in dai ba a zuba suga ba, ta kwalba da ta kwali da ake sayarwa yawanci a cike suke da suga, ki riƙa karanta bayan kwalin. Abin da ban yarda da shi ba shi ne kafsul ko garin aisofilabon da ake sayar wa mata don zafin jiki na daina al'ada, wannan an tattara sinadarin ne wuri ɗaya da yawa, kuma binciken da na ambata akan abinci aka yi su. Abu biyu kuma ki duba, idan tana shan levothyroxine, maganin tayirod da ke a wuya, a bar tazarar kamar awa huɗu tsakaninsa da waken domin yana rage shigar maganin jiki, idan kuma sugan ya taɓa mata ƙoda to yawan furotin da za ta ci sai an auna.

Shayi

Da baƙin shayi irin Lipton ko Highland da ake nomawa a Mambila, da koren shayi, duk ganyen bishiya ɗaya ne. Bambancin a sarrafawa ne, baƙin ana barin ganyen ya sha iska ya rine, koren kuma ana saurin ba shi zafi don ya tsaya a korensa, shi ya sa yake riƙe da wani sinadari da ake kira EGCG da yawa. Wani abin dariya ma, ganyen attaya da 'yan uwanmu na Nijar da Buzaye da samarin majalisa ke dafawa a ƙaramar buta kan garwashi, ai koren shayi ne daga Sin. Wato abin da aka kawo muku a kwali mai hoton siririyar mace ana tsawwala kuɗi, ɗan uwansa na nan a kasuwa ana aunawa.

A ɗakin gwaji idan aka zuba EGCG akan ƙwayoyin kansa a faranti yana hana su girma, daga nan ake samo taken "yana kashe kansa". Amma a faranti abubuwa da yawa suna kashe kansa, har da bilic. Abin tambaya shi ne idan mutum ya sha nawa ke isa jininsa, kuma amsar ita ce kaɗan ne ƙwarai. A Japan, yankin Ohsaki, an bi mutum 40,530 har shekara 11, sakamakon ya fito a 2006, masu shan kofi biyar ko fiye a rana mutuwarsu ta ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ta ragu, matan ma sun fi samun ragin, amma mutuwa ta kansa ba a ga wani bambanci ba. A 2020 ƙungiyar Cochrane mai tantance binciken lafiya ta tattara bincike 142 da suka shafi mutum sama da miliyan ɗaya akan koren shayi da rigakafin kansa, ta ce sakamakon yana karo da juna, ba a iya cewa yana karewa. Wannan rigakafi ma kenan, balle a ce ya warkar da wadda ta riga ta kamu.

Ta ɓangaren zuciya da suga nan ne shayi ke da ɗan abin faɗa. A Birtaniya an bi mutum kusan rabin miliyan, yawancinsu baƙin shayi suke sha, a 2022 aka ruwaito masu shan kofi biyu ko fiye mutuwarsu ta yi ƙasa da kashi 9 zuwa 13 cikin 100. Wani gwaji a Ostareliya ya ba mutane kofi uku na baƙin shayi kullum wata shida, hawan jininsu ya sauka da maki 2 zuwa 3 kacal. Rage ƙiba kuwa da ake ta talla, idan aka auna abin da ake samu bai taka kara ya karya ba, kuma da yawa daga shayin rage tumbi da ke yawo ganyen sa gudawa ake haɗawa a ciki, ruwa mutum ke zubarwa ya ɗauka kitse ne. Narkar da suga kam babu shi. Shayi ba ya maye gurbin magungunan suga irin metformin ko insulin.

Kuma duk wannan ɗan amfanin, shayi zalla ake nufi, ba abin da muke kira shayi ba. Ki tsaya teburin mai shayi da safe ki ƙirga, babban cokali uku na suga a kofi ɗaya, wani ya ce a ƙara, ga madara, ga Bournvita ko Milo wanda shi ma da sugansa, ga rabin burodi. Babban cokali ɗaya kusan giram 12 ne, uku sun kai 36 kenan, alhali hukumar lafiya ta duniya tun 2015 ta ce babba kar ya wuce kamar giram 50 a yini gaba ɗaya, in so samu ne ma 25. Akwai wani bawan Allah direba da aka turo min sugansa ya ƙi sauka, ya rantse min ya bar lemon kwalba ya bar shinkafa ya bar komai, muka bi abincinsa tun daga karin kumallo har dare ban ga inda matsalar take ba, har zai tashi sai ya ce "sai dai ɗan attaya da muke sha a tasha, shi kuma ai an ce magani ne". Na ce ya nuna min yadda ake zuba sugan. Ya ɗaga ɗan kofin gilashin nan da hannu ya ce cikinsa ɗaya a dafawar farko, a ta biyu a ƙara, a ta uku a ƙara, kuma zama uku suke yi a rana. Bai taɓa lissafa shi a matsayin suga ba saboda kofin ƙarami ne kuma ɗacin ganyen yana ɓoye zaƙin. Da ya koma a zuba masa nasa kafin a sa suga, da ƙyar da tsokanar abokai, awon da ya kawo min bayan wata biyu ya bambanta.

Akwai kuma wata alaƙa ta gaske tsakanin shayi da kansa wadda ba a cika faɗa mana ba, ita ce zafi. A 2016 hukumar binciken kansa ta duniya da ke Lyon a Faransa ta sa abin sha mai zafin da ya wuce digiri 65 a jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo kansar maƙoshi, wato bututun da abinci ke bi zuwa ciki. A lardin Golestan na Iran, inda wannan kansar ta yi yawa kuma ake shan shayi yana tururi, an bi mutum sama da 50,000 ana auna zafin shayin da suke sha, a 2019 aka ruwaito masu shan mililita 700 ko fiye a rana da zafin digiri 60 zuwa sama haɗarinsu ya kusa ninkawa. A Kenya da Tanzaniya ma an ga irin wannan da shayin madara mai zafi. Ƙonewar da ake yi wa fatar maƙoshi kullum kullum ita ce matsalar. Don haka sheƙa shayin nan da mai shayi ke yi daga kofi zuwa kofi yana ɗaga hannu sama, ashe aikin lafiya yake yi bai sani ba. Idan sai kin hura kin kurɓa da gefen leɓe to bai huce ba, a ba shi minti huɗu ko biyar.

Kafsul ɗin da aka kawo muku su ne suka fi damuna a duk tambayar. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta duba wannan a 2018, ta ce shan shayin da aka dafa yadda aka saba babu damuwa, amma kafsul da ke ba da miligiram 800 na EGCG ko fiye a rana an ga yana tayar da awon hanta, kuma akwai mutanen da hantarsu ta lalace sosai ta dalilinsa, musamman idan ana sha da yunwa. Hajiya ta sha kemo, tana kan ƙwayar da hanta ce ke sarrafa ta, ga magungunan suga, a yankinmu kuma ciwon hanta nau'in B ya yi yawa kuma da yawa ba su san suna da shi ba. Ga shi irin waɗannan kayan sau da yawa ba ka da tabbacin abin da aka rubuta a jiki shi ne a ciki. Na taɓa ganin wata baiwar Allah da ta bar zuwa asibiti wata bakwai tana shan haɗin ganye da kafsul da aka ce mata sun fi kemo, kuɗin da ta kashe ya isa ya biya mata allurai da dama, da ta dawo ciwon ya riga ya shiga ƙashi. Wadda ta sayar mata ba muguwa ba ce, ita ma an gaya mata ne ta yarda.

Idan Hajiya tana son shayi ta sha, kore ko baƙi duk wanda ya fi mata daɗi, kofi biyu zuwa uku a rana, ba suga, a sa citta ko kanumfari ko na'ana'a ko lemon tsami don ɗanɗano. Zuma ma suga ce a wajen mai ciwon suga, kar a ce an gudu an tsira. Kar ta sha shi tare da abinci, a bar kamar awa ɗaya bayan ta ci, domin shayi yana riƙe sinadarin ayon mai ƙara jini na abinci irin wake da ganye ya hana jiki ɗauka, wadda ta fito daga kemo kuma sau da yawa jininta a ƙasa yake, idan an ba ta ƙwayar ƙarin jini ma kar ta kora da shayi. Na yamma kuma a rage idan yana hana ta barci.

Ranar da za ku koma asibiti ki saka kwalin shayin da robar kafsul ɗin a jaka ki ajiye wa likitan a kan tebur ya karanta da idonsa, ki tambaye shi sunan ƙwayar da take sha ki rubuta, ki kuma tambaya yaushe aka yi mata awon hanta da na ƙoda na ƙarshe. Kafin nan kafsul ɗin su zauna a rufe. Awara kuwa ki jiƙa wake gwangwani biyu yau da dare, gobe da yamma ki kai mata da sos ɗin albasa da kabeji a gefe.